Ibada a Ɗakin Haihuwa: Sharhi Kan Sistocin Mishan Masu Aikin Asibiti

 

Duk wanda ya tashi a Kano ya san makarantar St. Louis da ke Bompai. Mutumin Kaduna kuwa ba sai an yi masa kwatancen asibitin St. Gerard na Kakuri ba. Wuraren nan biyu sistocin ɗariƙar Katolika ne suka raine su. Muna ganin matan nan da ɗan lulluɓinsu da gicciye a wuya, muna kai musu 'ya'yanmu da marasa lafiyarmu, amma ba kasafai muke tambayar abin da ya raba su da gidajen iyayensu, ya hana su aure, ya ajiye su a bakin gadon majinyaci ba. Kuma su sistoci ba ƙungiya ɗaya ba ce. Ƙungiyoyi ne masu ɗimbin yawa, kowace da wadda ta kafa ta, da ƙa'idarta, da aikin da ta sa a gaba.

Yau ɗaya daga ciki zan ɗauko, wadda ake kira Medical Missionaries of Mary, ko MMM a taƙaice, wato sistocin mishan masu aikin asibiti da suka ɗauki sunan Maryamu. Baturiya ce ta kafa ta, amma a Najeriya aka yanke mata cibiya.

Ranar 4 ga Afrilun 1937, a asibitin gwamnati na Fatakwal, wata mata 'yar ƙasar Ireland mai suna Marie Martin tana kwance rai a hannun Allah. A kan wannan gadon ta ɗauki alkawuran zama sista, kuma daga ranar ƙungiyar take ƙirga shekarunta. Tana gab da cika shekara 45. Da ta ɗan farfaɗo likitoci suka ce a mayar da ita gida, masu rakiyarta ba su sa ran sake ganin ta ba. Sai ga shi ta rayu har zuwa 1975.

To me ya sa sai da ta kusa tsufa, kuma sai a gadon asibiti? Amsar ita ce zuciyar labarin.

An haifi Marie Martin a 1892 a wajen birnin Dublin, a gidan wani attajirin katako mai 'ya'ya goma sha biyu. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke ta shiga sahun 'yan sa-kai masu jinyar sojoji, ta yi aiki a tsibirin Malta, daga baya a Faransa, inda ta ga abin da harsashi da iskar guba ke yi wa ɗan Adam. Ƙaninta ma a yaƙin ya salwanta. Da ta dawo gida ta koyi aikin ungozoma. A 1920 ta haɗu da Joseph Shanahan, limamin Katolika da ke jagorantar mishan a kudancin Najeriya, a 1921 ta sauka a Kalaba. Ta zo da niyyar aikin lafiya, sai aka danƙa mata makaranta. Ta karɓa, ta koyar, amma tana yawo ƙauyuka tana ganin yadda mata ke mutuwa wurin haihuwa, jarirai na bin su. Tun daga nan ta ƙudurta cewa sai an sami ƙungiyar mata masu ibada waɗanda kuma likitoci ne, ungozomomi ne, nas ne na gaske masu takardar shaida.

Sai dai akwai katanga a gabanta. A wancan zamani dokar Cocin Katolika ba ta yarda sista ta yi tiyata ko ta karɓi haihuwa ba. Za ta iya koyarwa, ta riƙi marayu, ta yi wa majinyaci hidima, amma ɗakin haihuwa ana ganin bai dace da macen da ta yi alkawarin ƙaurace wa aure ba. Ba Marie Martin kaɗai abin ya dama ba. Kafin ita, wata likita 'yar Scotland, Agnes McLaren, ta yi ta safa da marwa zuwa Roma tana roƙon a sassauta, domin ta ga halin da matan kulle suke ciki a Rawalpindi, wadda yau take cikin Pakistan: matan Musulmi ne da ba za su bari namiji ya duba su ba, ga shi babu likitoci mata. McLaren ta rasu a 1913 ba ta ga biyan buƙata ba. Wata likitar, Anna Dengel 'yar Austriya, wadda ta yi aiki a can Rawalpindin, ta kafa tata ƙungiyar a Amurka a 1925, amma dokar ta hana su ɗaukar cikakkun alkawura. Sai a watan Fabrairun 1936 Fadar Vatican ta fitar da umarnin da ya buɗe ƙofa, har ma ya ƙarfafa wa sistoci gwiwa su nemi digirin likitanci da shaidar ungozoma.

Tsakanin saukarta Kalaba da wannan umarni shekara goma sha biyar ke nan. A cikinsu Marie Martin ta shiga wata ƙungiyar sistoci da Shanahan ya kafa, ta fita da ta ga aikin asibiti ba shi ne ginshiƙinta ba. Ta yi ta fama da rashin lafiya. Ba ta fita daga Cocinta ba, ba ta kuma sauka daga ra'ayinta ba. Da ƙofa ta buɗe kuwa ba ta yi wata-wata ba, kafin shekarar ta ƙare ta hau jirgin ruwa zuwa Najeriya da abokan tafiya biyu.

Masu sauraro, a nan ne nake so mu ɗan dakata, mu duba aƙidar da ke riƙe da matan nan, domin wanda ya ga asibiti kawai bai ga rabin abin ba.

Kamar sauran sistoci, alkawura uku suke ɗauka bayan shekaru na horo da gwaji. Na farko, sista ba ta mallakar komai na ƙashin kanta. Ko albashi aka biya ta, asusun ƙungiya yake shiga. Na biyu, ba aure, ba haihuwa. Na uku, biyayya: inda aka tura ta nan za ta tafi. Wannan duk sistoci sun yi tarayya a kai. Abin da ya bambanta 'yan MMM abu biyu ne.

Na ɗaya wani labari ne daga Bisharar Luka. Bayan da mala'ika ya yi wa Maryamu albishir, ta ji cewa 'yar uwarta Alisabatu, matar Zakariya, tana ɗauke da ciki wata shida a kan tsufanta. Ba ta zauna tana juya girman matsayin da ta samu ba. Ta tashi da hanzari ta nufi ƙasar duwatsu ta Yahudiya, ta zauna da tsohuwar kamar wata uku, sannan ta koma gida. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin mun san 'yar uwar da take ɗaure kayanta ta tare a gidan mai tsohon ciki, ta karɓe mata daka da ɗiban ruwa, ta dafa ruwan wankan jego, in an yi arba'in ta yi sallama. Daga wannan labarin sistocin suka zana rayuwarsu: a tashi da sauri zuwa inda buƙata ta fi tsanani, a zauna da mutane a cikin halinsu, in aiki ya tsaya da ƙafarsa a miƙa wa masu wuri a ƙara gaba.

Na biyu kuma tarbiyyar Benedict ce, wani mai zuhudu da ya rayu a Italiya a ƙarni na shida, wanda ƙa'idarsa ta zama tushen zaman sufayen Kirista a Turai. Tun daga 1934, lokacin da ake jiran Roma, Marie Martin da abokanta na farko suka tare a gidan sufayen Glenstal a Ireland. Suna yi musu girki da wanki da kula da ɗaliban makarantar kwana, su kuma sufayen suna koya musu addu'a da zaman jama'a. A cikin ƙa'idar Benedict, kula da marar lafiya yana gaba da sauran hidimomi, baƙo ana tarbarsa kamar Almasihu ne da kansa ya ƙwanƙwasa ƙofa, kayan aikin gida kuma ana riƙe su da irin girmamawar da ake yi wa kwanukan bagadi. Ku ɗauki wannan ku shiga da shi asibiti. Almakashin tiyata da aka dafa shi yadda ya kamata, da littafin awon ciki da aka cika ba ha'inci, da zanen gado mai tsabta, duk sun shiga lissafin ibada.

Wannan shi ne abin da nake so mai sauraro ya riƙe. A wajen matan nan, ƙwarewa wani ɓangare ne na tsoron Allah. Tausayi ba ya tsayar da zubar jini, kyakkyawar niyya ba ta juya jaririn da ya zo a gicciye. Sista ta tashi da asuba ta yi addu'a da 'yan uwanta, daga nan ta wuce ɗakin tiyata, kuma a ganinta ba ta bar gaban Ubangiji ba. Shi ya sa Marie Martin ta dage a kan karatu mai zurfi. A garin Drogheda, arewa da Dublin, ta buɗe ƙaramin gidan haihuwa a 1939, wanda a 1957 ya zama babban asibitin horar da ma'aikatan da za a tura ƙasashen waje.

Aikin da aka yi a ƙasa shi ne shaida. A Anua, kusa da Uyo, suka riƙe asibitin St. Luke har ya zama wurin horar da nas da ungozomomi da likitoci. A tsakiyar shekarun 1940 suka shiga aikin kuturta a Ogoja da Abakaliki, a zamanin da dangi ke gudun nasu. Har fim aka yi a kan wannan aiki a 1948, aka yi ta nuna shi a Ireland da Ingila ana tara gudummawa. Daga Najeriya suka bazu zuwa Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, da Angola da Yuganda da Kenya da Habasha da Malawi, har Brazil. A lokacin yaƙin basasar Najeriya wasunsu sun zauna da majinyata cikin yunwa da ruwan bama-bamai. Da cutar ƙanjamau ta yi ƙamari a yankin Masaka na Yuganda, asibitinsu na Kitovu ya cika ya batse, sai a 1987 suka fara bin marasa lafiya gida-gida da mota, suna jinya, suna tallafa wa kakannin da aka bar wa marayu.

Amma akwai aiki ɗaya da ya fi kusa da mu nan Arewa, shi ne gyaran yoyon fitsari. Mun san yadda abin yake faruwa. Naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu, kwana uku, kan jariri ya tokare, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina isa gare shi, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Galibi jaririn ba ya zuwa da rai. Uwar ta tashi ba ɗa, ga fitsari na zuba dare da rana, sau da yawa ga takardar saki. Wata sista likita, Ann Ward, ta shafe sama da shekara arba'in a Najeriya, mafi yawansu a kan wannan lalura, a Anua da kuma cibiyar da aka gina a Itam cikin jihar Akwa Ibom. Ta yi wa mata masu ɗimbin yawa aiki, ta horar da likitoci, ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta karrama ta. Irin aikin da Dakta Kees Waaldijk ya yi fice da shi a Babbar Ruga ta Katsina, shi take yi a can kudu. Kuma ba ɗinki kaɗai ba ne. Matar da aka ƙyamace ta shekara da shekaru tana buƙatar wanda zai zauna kusa da ita bai toshe hanci ba, ya koya mata sana'a, ya mayar da ita cikin mutane.

Na san akwai mai sauraron da yake cewa a ransa, malam, faɗi gaskiya, asibitin mishan ba tarko ba ne na jawo mutane cikin Kiristanci? Tambaya ce mai tushe, ba ta rashin kunya ba. Su kansu 'yan mishan na farko ba su ɓoye cewa makaranta da asibiti ƙofofin bishara ba ne, kuma an yi zamanin da ake yi wa jarirai masu gargarar mutuwa baftisma. Nan Arewa ma, Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, kuma ta hanyar asibitocin kutare, irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato, wasu ƙungiyoyin mishan, waɗanda ba na Katolika ba, suka sami gindin zama a shekarun 1930. Saboda haka ɗari-ɗarin da jama'a ke yi yana da tarihi.

Sai dai adalci ya sa a faɗi sauran zancen. Babban taron Cocin Katolika da aka kammala a 1965 ya fito da matsayin girmama Musulmi da neman zaman lafiya da su. A 2005 kuma Paparoma Benedict na 16 ya rubuta ƙarara cewa bai halatta a mayar da aikin jinƙai hanyar farautar mabiya ba. Sistocin ba sa musun cewa imaninsu ne ya kawo su, ba za su kuma musa ba. Abin da suke cewa shi ne ba a tambayar mai naƙuda addininta kafin a ɗora ta a gado, ba a kuma sa mata sharaɗi kafin a sallame ta. Ma'aunin kuwa yana hannun jama'ar da suke zaune da su, ciki har da Gwarawa da Fulanin ƙauyukan jihar Neja inda suka yi aikin kiwon lafiya a matakin farko. Wanda aka yi wa magani ya koma gida da addininsa da mutuncinsa shi ne alƙali.

Kada kuma a ɗauka tarihinsu fari ne tas. A asibitinsu na Drogheda, wanda suka mallaka har 1997, an yi wata ɓarna da ta girgiza Ireland. Binciken da gwamnati ta sa aka yi, wanda ya fito a 2006, ya gano cewa tsakanin 1974 da 1998 an cire wa mata 188 mahaifa a lokacin haihuwa, 129 daga ciki likita ɗaya ne ya yi, adadin da ya wuce hankali in aka kwatanta da sauran asibitoci. Likitan ba sista ba ne, amma a ƙarƙashin rufinsu akasarin abin ya faru. Rahoton ya nuna yatsa ga al'adar girmama manya da rashin tambaya da ta yi kaka-gida a wurin, har sai da wasu ungozomomi suka yi ta-maza suka fasa ƙwai. Darasin mai ɗaci ne: biyayyar da take tura sista ƙauyen da kowa ke gudu, ita ce in ta yi yawa take rufe bakin ƙaramin ma'aikaci a gaban babba. Kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Asibitocinmu na nan, na gwamnati da na kuɗi, su ma su tambayi kansu ko nas tana iya ce wa babban likita ya dakata.

Yau fuskar ƙungiyar ta sauya. Turawan da suka zo da ƙuruciyarsu sun tsufa, da yawa sun koma Drogheda, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Masu shiga yanzu akasarinsu 'yan Afirka ne, 'yan Najeriya na sahun gaba, har su ne ake turawa wasu ƙasashe. Manyan asibitoci da dama sun miƙa su ga majami'u ko hukumomi, suka koma ga ƙananan ɗakunan shan magani, da rigakafi, da jinyar waɗanda cutarsu ba ta jin magani, da taimakon matan da aka yi safararsu. Ga mai kallo daga nesa kamar ja da baya ne. A tsarinsu kuwa, miƙa aiki ga masu wuri yana cikin alkawarin tun farko.

To mu ina namu rabon a wannan labari? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa a cikin duk mata huɗu da suka mutu wurin haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Matsalar da ta tayar da hankalin Agnes McLaren a Rawalpindi fiye da shekara ɗari da suka wuce tana nan a ƙauyukanmu: maigida ba ya son namiji ya duba iyalinsa, asibitin kuma babu mace ƙwararriya. Sau da yawa maigidan nan shi ne ya cire 'yarsa daga makaranta tun ba ta gama sakandare ba. To wa zai haifa masa ungozomar da yake nema?

Ba ina kira ga kowa ya bar addininsa ko ya hana 'yarsa aure ba. Musulmi yana da nasa abin koyi. Littattafan tarihi sun kawo Rufaida al-Aslamiyya, wadda take da tanti a Madina tana jinyar waɗanda suka ji rauni a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ƙasar nan Nana Asma'u ta tsara jajis da 'yan taru, mata suna bin mata har ƙauye da ilmi. Ƙungiyar FOMWAN, da aka kafa a 1985, tana da makarantu da asibitoci. Tushe yana nan. Abin da ya rage shi ne mu yarda, a aikace, cewa yarinyar da ta kwana tana haddace sassan jikin ɗan Adam don ta ceci mai jijjiga tana cikin aikin lada, kuma mai hannu da shuni da ya biya mata kuɗin makarantar ungozoma ya yi sadaka mai gudana.

Saboda haka malamai a kan mumbari, da fastoci da fada-fada a majami'u, da masu unguwanni, a riƙa faɗa wa iyaye wannan magana. Gwamnatocin jihohi su ɗauki 'yan matan karkara su horar da su, su mayar da su garuruwansu da albashi da wurin kwana da tsaro. Ma'aikaciyar da ke bakin aiki kuma, Musulma ce ko Kirista, ta sani cewa zuwa a kan lokaci, da wanke hannu, da sakin fuska ga mai naƙuda, suna cikin abin da za a tambaye ta gobe.

Masu sauraro, nan za mu dasa aya. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti.